Jan ƙaramar tirela da mota: buhu nawa ne iyaka?

Manomi, Birnin Yero: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masana. Ina so a haɗa min ƙaramar tirela mai ƙafa biyu a kasuwar Panteka ta Kaduna, in riƙa janta da motata Toyota Sienna, in kai taki gona da damina, da kaka kuma in kwaso masara zuwa cikin gari. Lissafina buhu 15 a sahu ɗaya. Motar lafiyarta ƙalau, injin V6 ne. Zai yiwu?

Makanike, Kakuri: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ja dai za ta ja, ko buhu 20 ka ɗora za ta motsa. Tsayawa ce matsalar. Mu fara da lissafi. Buhun masara ana ƙirga shi kilo 100, buhu 15 ya kama 1,500 ke nan. Ita kanta tirelar da za a haɗa da ƙarfen kwana da faranti, da wuya ta gaza kilo 300. Jimla 1,800. Sienna 'yar Amurka, wadda ta zo da cikakken shirin jan kaya daga kamfani, iyakarta fam 3,500 ne, wajen kilo 1,590, shi ma sai tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da birki, littafin Toyota bai yarda a wuce fam 1,000 ba, kusan kilo 450 har da nauyin tirelar. Ka ga tun kafin a kunna injin walda lissafin ya karye.

Manomi, Birnin Yero: Kai, Oga! Ke nan buhu ɗaya da rabi? Ai gara in zuba a but.

Injiniya, Malali: Haƙuri za ka yi, Alhaji, amma abin da Oga ya faɗa haka yake. Ko a Ingila, da aka fi sassauci a wannan gefen, tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 ko rabin nauyin motar da babu kowa a ciki, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ko da wannan ka ɗauka, cire 300 na tirela, saura 450: buhun masara huɗu, ko buhun taki tara mai kilo 50.

Ga yadda kowa zai gano iyakar tasa motar. 'Yan Beljiyam na ainihi, waɗanda aka ƙera don Turai, suna da ɗan faranti a ƙarƙashin bonet ko a jikin ginshiƙin ƙofa, mai lambobi huɗu a jere. Na farko nauyin motar da cikakken lodi, na biyu nauyin mota da tirela a haɗe, na uku iyakar ƙafar gaba, na huɗu iyakar ƙafar baya. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne abin da za ka iya ja idan motar a cike take. In gurbin na biyun babu komai, kamfani bai amince a ja kaya da ita ba. 'Yan Amurka kuwa takardar jikin ƙofar direba nauyin motar da na ƙafafu kawai take nunawa, iyakar ja sai a littafin motar, kuma da fam ake rubutawa. A raba da 2.2 a samu kilo.

Abin da mutane ke mantawa: fasinja da kayan but duk suna cin wannan kason. Sienna mai mutum bakwai a ciki da tirela a baya ba ɗaya take da mai direba shi kaɗai ba.

Mai Walda, Panteka: Tunda an ambaci Panteka bari in sa baki. Abu na farko, ba a ɗaure tirela a bamba, ba a kuma ɗaure ta a ɗan ƙugiyar nan ta ƙarƙashin but. Wannan ƙugiya ta jan mota ce in ta mutu, ba a yi ta don ta ɗauki nauyi daga sama ba. Ƙarfen ja a jikin shasi yake zama, a ramukan da kamfani ya riga ya huda. Sienna da Camry da Corolla ba su da shasi daban irin na Hilux, bodin ne shasin, faranti ne aka lanƙwasa aka haɗa. Ka kai masa walda da zafi sai ya raunana, tsatsa ta kama wurin, wata rana ya yage kamar takarda. Noti ake sawa, mai lamba 8.8 a kansa ko sama da haka, M10 ko M12 gwargwadon ramin, da wosha mai faɗi. M12 mai 8.8 ana ɗaure shi wajen Nm 80 zuwa 85 a sifanar awon ƙarfin ɗauri. Notin da babu lamba a kansa na ƙyauren gida ne, kada ya kusanci wurin.

Na biyu, inda aksul zai zauna. Masu koyo suna sa shi daidai tsakiya don ya yi kyau a ido, wai tirela ta tsaya da kanta. Kuskure ne. A ja shi baya kaɗan, wajen kashi 60 cikin 100 na tsawon bodin in an auna daga gaba. Bodi mai ƙafa takwas, santimita 240, aksul ya faɗa wajen 144. Wuya kuma a yi shi da ƙarfe biyu su haɗu a gaba kamar harafin A, su shige ƙarƙashin bodin har wurin sifirin, ba bututu ɗaya da aka liƙa a goshi ba. Wurin da wuya ya haɗu da bodi nan ne yake fara tsagewa, musamman a gargada.

Tsohon Direba, Kawo: Malam mai walda ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wannan maganar aksul ita ce maganar lodi. Tirelar da nauyinta ya koma baya, da an wuce gudun 60 ko 70 sai ta fara kaɗa wutsiya. Ta yi dama, ta yi hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har ta kwashi bayan motar. Ba sai an yi wani ganganci ba: babbar tirela ta wuce ka a hanyar Zariya iskarta ta buge ka, ko taya ɗaya ta faɗa rami, shi ke nan ta fara. Kaso 60 na kaya gaban aksul, 40 baya, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da aksul ɗin, a daidaita dama da hagu.

Injiniya, Malali: Sai dai Baba, kada jama'a su ji haka su tattara komai a gaba. Nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙwallon motar, wato dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela a kansa, shi ma yana da iyaka. A Amurka ƙa'idarsu kashi 10 zuwa 15 na jimlar nauyin tirela. A Turai sukan tsaya a 5 zuwa 7, domin can gudun masu jan tirela a ƙayyade yake, kuma ƙananan motocinsu da yawa ƙwallon bai ɗaukar fiye da kilo 50 zuwa 100. In ya yi yawa bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birkin gaba wanda shi ne ke yin yawancin aikin ya rasa riƙo, fitila kuma ta koma haska idon masu tahowa.

Makanike, Kakuri: To wanne za a bi, Injiniya? Ka ba mutum lamba biyu ka tafi.

Injiniya, Malali: Ni a ganina kashi 10, matuƙar bai haura abin da aka buga a jikin ƙarfen jan ba. Hanyoyinmu ba sumul suke ba, kuma tirelar gida ba ta da abin hana lilo. Tirela mai jimlar 700, wuya ya danna 70. Aunawa ba wuya: sikelin da ake hawa a ga nauyin jiki, a ajiye shi a ƙasa mai daidai, a yanko katako a tsaya da shi a kai yadda bakin tirelar zai zauna daidai tsayin ƙwallon motar, a sa duwatsu a tare tayoyi, a karanta. In ya gaza, a matso da buhu ɗaya gaba a sake dubawa. A Turai tsayin ƙwallo daga ƙasa santimita 35 zuwa 42 ne in mota na da lodi. Abin nema dai tirelar ta kwanta daidai ko goshinta ya ɗan sunkuya, kada ya ɗaga sama.

Mai Walda, Panteka: Akwai tarkon da ke cikin kayan gwanjo, a kula. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka kala uku ne: inci 1 7/8, inci 2, da inci 2 5/16. A ido, mai 1 7/8 da mai 50 kamar ɗaya suke, alhali na farkon 47.6 ne. Ka ɗora kofin 50, wato bakin tirelar da ke rufe ƙwallon, a kansa zai shiga, hannun ma zai rufe, amma da an buga rami mai kyau sai ya fice. Mai inci 2 kuma 50.8 ne, ya ɗara 50 da ɗan kaɗan, kofin Turai zai cije ko ya ƙi kullewa. Lambar tana sama a kan ƙwallon, tana kuma jikin kofin. Su zama iri ɗaya, ba kusa da juna ba. Bayan an kulle, a sa jak a ɗaga wuyan tirelar: in bayan motar ya biyo shi sama, ya kama.

Masu huda faranti su zura noti a tsaye maimakon ƙwallo, irin na amalanken tarakta, su daina. Wannan ba ya lanƙwasa sama da ƙasa, duk hawa da gangara notin ne ke shan murɗa har ya karye.

Tsohon Direba, Kawo: Da sarƙa. Biyu, a gicciye su ƙarƙashin wuyan, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda in kofi ya fice wuyan zai faɗo a kansu maimakon ya soki kwalta. Tsawonsu ya isa a sha kwana, amma kada su ja ƙasa. A maƙala su a jikin ƙarfen jan, ba a wuyan ƙwallon ba, don in ƙwallon ne ya karye sun tafi tare. Igiyar roba da wayar ɗaure rodi ba sarƙa ba ce.

Hajiya, Unguwar Rimi: Sannunku da ƙoƙari. Tambayata ta ruwa ce: tanki mai lita 1,000 a kan irin wannan tirela, don kai wa gidan kaji. In an cika shi rabi kawai, ai an rage nauyi ko?

Injiniya, Malali: Ranki ya daɗe, an rage nauyi an ƙara haɗari. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, cikakken tankin tan guda ke nan, ya fi ƙarfin tirela marar birki. Rabi kuma ruwan yawo yake: a taka birki ya kwararo gaba ya tura motar, a sha kwana ya koma gefe ɗaya. Gara tanki mai lita 400 a cika shi fal, ko jarkoki masu lita 25 a jera a ɗaure. Kuma kwantaccen tanki ya fi tsayayye, saboda duk abin da nauyinsa ya yi sama saurin kifewa gare shi. Dabbobi ma haka, masu ɗauko raguna da Babbar Sallah: a raba bodin da katako don kada su taru a baya.

Mai Faci, Mando: Kowa na maganar ƙarfe, ba wanda ya tuna taya, alhali ita ke fara ba da kunya. Abin da ake yi, tayar da aka cire wa mota don ta ƙare ita ake ba tirela. Ku duba abu biyu a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela ba ta cika sudewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana na dukanta har gefen ya tsattsage, zanen kuwa yana nan kamar sabo. Sai lambar nauyi da ke bayan girman tayar: 82 kilo 475 ne, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Taya biyu masu 82 iyakarsu 950 gaba ɗaya, har da nauyin tirelar. In za a samu masu harafin C, irin na ƙananan bas, sun fi. Iska a auna da safe tayar na sanyi, a ƙara wa ƙafar bayan motar zuwa adadin cikakken lodi da ke takardar ƙofa. Tayar da iskarta ta gaza ita ke zafi ta fashe, ita ke kuma jawo lilo. Safaya ta tirela daban, a tabbata ramukan rim ɗinta sun dace, sifanar motar ma ba lallai ta kama notinta ba.

Makanike, Kakuri: Boris ma haka. Galibi ƙafar tsohuwar mota ake yankowa a yi aksul da ita, ba wanda ya buɗe ya ga cikinta. A wanke, a duba ko ya yi shuɗi ko ya ciccije, a cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a sa sabon sil. Notin a ɗaure ana juya tayar, sannan a ɗan sassauta har ta juya ba cijewa ba kuma girgiɗi, a sa sabon fin. Bayan kilomita 15 ko 20, misali daga Kawo kafin a kai Mararrabar Jos, a tsaya a taɓa cibiyar ƙafar da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. In ba ta taɓuwa, kada a ci gaba. Nan ne kuma za a sake bin notin taya da igiyoyin kaya, don buhu yana zama in ya sha girgiza, ɗaurin ya saki. Da damina in tirela ta ratsa ruwa ya kai cibiya, a sake giris.

Sai motar kanta. Mai giyar otomatik zafi ne ajalinta. Da lodi a baya, a kashe maɓallin O/D na giyar ƙarshe ko a sa ta a 4 ko 3 gwargwadon motar, don kada ta yi ta hawa da sauka tsakanin giya biyu, wannan ne ke dafa man giya. Man da ya yi baƙi yana ƙauri a canza kafin a fara, in kuma jan zai zama na kullum a ƙara mata ɗan lagireton man giya a gaba. A watan Maris da Afrilu ido na kan allurar zafi, in ta fara hawa a kashe AC. Man birki kuma yana shan danshi: DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a 140 ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba komai. Shekara biyu a zubar a sa sabo.

Ɗan Kamasho, Mando: Ni abin da na sha ji wajen direbobi, in tirela ta fara lilo totur ake ƙara mata ta miƙe. Ba haka ba ne, Baba?

Tsohon Direba, Kawo: A'a ɗana, wannan maganar ta jefa mutane a rami. Gudu ne ya haifi lilon, ka ƙara gudu ka ƙara masa ƙarfi, kuma ƙaramar mota ba ta da ƙarfin da za ta fizge tirela mai lodi ta miƙar da ita. Birki da ƙarfi shi ma haɗari ne, tirelar za ta turo ta naɗe a gefen motar. A ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, kada a ce za a bi ta dama da hagu ana gyarawa, hannun mutum kullum a makare yake. In gudun ya sauka ta natsu, a gangara gefe a sake lodi. Kada a ce ai ta daina.

Gudu kuwa, ko littafin ƙa'idar hanya na Road Safety da ya ba ƙananan motoci 100 a babbar hanya ta express, manyan tireloli 60 ya ba su. Mai tirelar gida ya ɗauki kansa a sahun 60 ɗin. In gudu ya ninka, tazarar tsayawa sau huɗu take ƙaruwa. A bar daƙiƙa huɗu ko biyar tsakaninka da na gaba, da ruwan sama a ninka. Gangara, ko ta gadar Kawo ce, a sauko da ƙaramar giya, a taka birki a saki, ba a ɗora ƙafa a bar ta ba. A shataletale da kwana a buɗe, don tayar tirela ta ciki take yankowa, nan take kwashe mai babur ko Keke da ya kutso ta gefenka. Obatekin kuma a tuna tsawonka ya kusa ninkawa.

Ribas: hannu a ƙasan sitiyari, inda kake so bayan tirelar ya nufa can za ka kai hannun, kaɗan-kaɗan. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin naɗewa. In ta karkace a yi gaba a miƙe a sake. A je fili a koya ranar da ba lodi.

Mai Wayarin, Tudun Wada: Fitila fa? Tirela ta rufe danjar mota, na baya bai san ka taka birki ba. Soket mai baki bakwai na Turai ga tsarinsa: 1 rawaya sigina ta hagu, 2 shuɗi fitilar hazo, 3 fari at (wayar da ke haɗewa da jikin ƙarfe), 4 kore sigina ta dama, 5 ruwan ƙasa danjar dama, 6 ja birki, 7 baƙi danjar hagu. Na Amurka mai baki huɗu: fari at, ruwan ƙasa danja, rawaya hagu, kore dama, birki da sigina a waya ɗaya suke tafiya. In motar ta raba birki da sigina, tirelar kuma mai baki huɗu ce, sai an sa ɗan akwatin da ke haɗa su. Yawancin fitilar da ke hauka, ka sa sigina duka su riƙa ƙiftawa, at ne. Kada a dogara da ƙwallo ya kai at, giris da tsatsa sun raba, a ja farar waya har jikin ƙarfe a kankare fenti. Sababbin motoci masu kwamfuta kuma ba a feɗe musu waya a liƙa, akwati mai rile ake sawa da fis ɗinsa daga batir. A manna kyalle mai ƙyalli a baya da gefe, saboda ƙurar hunturu. Maganar lamba da takarda, a leƙa ofishin masu ba da lambar mota a tambaya kafin a hau titi, ya fi a yi bayani a gefen hanya gaban KASTLEA, jami'an kula da hanya na jihar Kaduna.

Manomi, Birnin Yero: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. To in na nace sai na ɗauki da yawa, birkin tirelar ta ina ake samo shi?

Makanike, Kakuri: Iri biyu ne, Alhaji. Na Turai a wuyan tirela yake: mota ta rage gudu, tirelar ta turo, bakin ya shige ciki ya ja sanda ko waya ta buɗe takalmin birki a cikin kwano. Ba ya buƙatar komai daga motar. Yana zuwa da 'yar wayar da ake maƙalawa a mota, in tirela ta tsinke ta fizge birkin hannu. Na Amurka da yawa na lantarki ne, sai an sa na'urarsa kusa da direba. Na farkon ya fi dacewa da mu, amma a sayo aksul da wuyansa tare, 'yan gida ɗaya, da farantin da ke nuna nauyinsu. Wuyan wani kamfani da kwanon tsohuwar 504 ba za su ja daidai ba. Ko da shi, 1,590 cire tirelar da yanzu za ta kai 350 ko 400, buhu 11 ko 12 ne, kai kaɗai a mota.

Mai Walda, Panteka: In kuma 15 ɗin ne dole a sahu ɗaya, Alhaji, shatar Canter za ka ɗauka ranar kwasar amfani, tirelar ta tsaya a taki da iri da injin feshi. Ka turo min shekarar motar da hoton ƙarƙashin bayanta, ta gefen da salansa take, in ga ko ramukan notin suna nan ko tsatsa ta cinye su.